Tsufan Biran Cimfanzi a Chimp Haven

A garin Keithville na jihar Luwiziyana a Amurka akwai wani gandu mai faɗin eka 200 da ake kira Chimp Haven, inda tun 2005 ake kai biran cimfanzi waɗanda aka gama gwajin magunguna a kansu. Zuwansu ya ƙaru bayan 2015, shekarar da hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta daina ɗaukar nauyin irin wannan gwaji.

Abin da ya fi burge ni shi ne surin da ma'aikata suke ginawa, su cika ramukansa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko tuffa, sai biri ya karyo tsinke, ya zura, ya zaro, ya lashe, kamar yadda danginsa suke farautar gara a dazukan Afirka. Ana kuma warwatsa abinci cikin ciyawa domin su sha wahalar nema, wadda a ganina ita ce maganin zaman kashe wando. Wasunsu, da yake sun girma a kan siminti, sukan daɗe suna ɗari-ɗari kafin su yarda su taka ciyawa. Da yamma kowanne yakan ja bargonsa ya shirya makwanci.