Abin da na gani a ɗakin allura a Guangzhou

Kawuna ɗan kasuwar yadi ne, kuma ya fi shekara ashirin yana zuwa ƙasar Sin saro kaya. Ciwon baya ya daɗe yana cin sa a tsaye, har ta kai ga ba ya fita daga gida sai da ƙwayoyin kashe zafi a aljihun rigarsa, yana shan su safe da yamma ba tare da wani likita ya rubuta masa ba. A tafiyar da na raka shi birnin Guangzhou, doguwar zama a jirgi da yawon kasuwanni suka taru suka tayar da ciwon, ranar kwana na uku ya kasa yin ruku'u, sai a zaune ya yi sallar Asuba. Tafintanmu, wani matashi ɗan Damagaram da ke karatun likitanci a can, shi ne ya ba da shawarar mu je asibitin magungunan gargajiya na Sinawa a gwada masa jinyar nan ta soka allura, wadda Turawa ke kira akufanca.

Na tafi ne da zaton za a kai mu wani ɗan shago mai duhu cike da kwalabe da sauyoyi. Abin da na tarar shi ne asibiti mai hawa da yawa, da wurin yankar kati, da ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, da ma'aikata cikin fararen riguna. Likitan da ya karɓe mu bai taɓa allura ba sai da ya tura kawu aka ɗauki hoton bayansa, sannan ya tambaye shi ko ƙafafunsa suna mutuwa, ko fitsari yana kuɓuce masa, ko ya rame ba dalili, ko yana zazzaɓin dare. Tafinta ya bayyana mini cewa waɗannan alamomi ne na cutar da ke bukatar tiyata ko wani magani na daban, kuma da an sami ɗaya daga cikinsu da wani sashen za a tura mu. Bayan haka ne likitan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun kawu na dama, ya koma na hagu, ya ce ya fito da harshensa ya duba launinsa da farin da ke kansa, sannan ya shiga tambaya kan barci, da cin abinci, da bayan gida, da yawan fushi, da ko sanyi ya fi damunsa ko zafi. An shafe kusan rabin awa a kan wannan kaɗai. Kawu ya juyo ya ce mini, "Ɗana, tun da ciwon nan ya kama ni babu wanda ya taɓa tambayata yadda nake barci." Na ce, "Kawu, ka gaya masa komai, kada ka rage."

Kalmar allura tana iya rikita mai karatu, domin a wurinmu in an ce allura sai a tuna da ruwan magani da ake ɗurawa a jiki. Wannan ba ta da rami a ciki, kuma babu maganin da take ɗauke da shi. Siririn ƙarfe ne mai kaurin da bai wuce rubu'in milimita ba, kusan kamar gashin jelar doki, kowace a cikin ledarta a rufe, a gabanmu aka ɓare su. Kawu ya kwanta rubda ciki, likitan ya goge fatar da auduga, ya riƙa laluben wuri da babban yatsa, sai ya ɗan buga allurar ta shige, ya murza ta kaɗan tsakanin yatsu biyu yana kallon fuskar majinyacin. Na ƙirga guda goma sha huɗu. Yawancinsu a gefe biyu na ƙashin baya suke, amma akwai biyu a bayan gwiwa da wasu kusa da idon sawu, abin da ya ba ni mamaki tun da ba a nan ciwon yake ba. Kawu ya ce bai ji zafin suka ba, sai wani nauyi da tsami da ke bazuwa daga wurin, kuma likitan ya gyaɗa kai, domin wannan jin shi suke nema, suna kiran sa "deqi". Daga nan aka kunna wani curin busasshen ganye aka riƙe shi kusa da fata don ɗumama wurin. Ƙanshinsa ya tuna mini da tazargade, daga baya kuwa na gano cewa ganyen danginta ne. Kafin minti ashirin da biyar su cika a zare alluran, kawu ya yi barci.

Bayanin da Sinawan dā suka bayar shi ne cewa akwai wani ƙarfin rai da suke kira "qi", wanda ke gudana a jiki ta manyan hanyoyi 12, kuma cuta tana zuwa ne idan ya toshe ko ya rasa daidaito, allura kuma tana buɗe masa hanya. Wannan tunani yana cikin tsohon littafinsu na likitanci, Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000. A shekarar 1027, zamanin daular Song, wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ƙananan huji a duk wuraren suka, kuma an ruwaito cewa a lokacin jarrabawa akan shafe shi da kakin zuma a cika cikinsa da ruwa, ɗalibin da ya soka daidai sai ruwa ya ɗigo. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunaye da matsayin wurare 361. Sai dai in faɗi gaskiyar abin da na yarda da shi: masu binciken jikin ɗan Adam sun feɗe, sun duba da na'urori, ba su ga waɗannan hanyoyi ba kamar yadda ake ganin jijiyar jini. Ni ina ɗaukar su a matsayin taswirar da mutane masu lura suka zana daga gwajin ƙarnoni, suka bayyana ta da harshen zamaninsu. A matsayina na Musulmi ban ga abin da ya wajabta mini karɓar falsafar ba kafin in amfana da aikin, kamar yadda ba na tambayar aƙidar wanda ya haɗa maganin zazzaɓin da nake sha.

Ko a ƙasar Sin ɗin ma jinyar ta sha hawa da sauka. A 1822 sarki ya hana koyar da ita a makarantar likitocin fada, sai cikin shekarun 1950 gwamnatin Mao Zedong ta farfaɗo da ita ta shigar da ita asibitoci. Amurkawa sun waiwaye ta ne a 1971, lokacin da ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya rubuta yadda aka yi masa tiyatar afendis a Beijing, aka kuma rage masa ciwon bayan tiyata da allura. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na bil'adama. Tawagogin likitocin Sin, waɗanda suka fara zuwa Aljeriya a 1963, su ne suka kawo ta asibitocin Afirka da dama.

Abin da ya fi jan hankalina bayan mun dawo gida shi ne abin da binciken zamani ya gano. Tun cikin shekarun 1970 aka nuna cewa sukar allura tana motsa jijiyoyin ji, su kuma su sa laka da ƙwaƙwalwa su saki sinadaran kashe zafi da jiki ke haɗawa da kansa, irin su endofin, kuma da aka ba dabbobin gwaji maganin da ke toshe aikin waɗannan sinadarai sai tasirin allurar ya ragu. To amma gwajin da ya fi sa ni dogon tunani shi ne wanda aka yi a Jamus aka wallafa a 2007, kan mutum 1,162 masu tsohon ciwon baya. An raba su gida uku. Kashin farko an yi musu allura bisa ƙa'idar Sinawa, na biyu an soka musu sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba ba tare da sun sani ba, na uku kuma an ba su abin da aka saba na ƙwayoyi da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida, waɗanda suka sami sauƙi a kashin farko sun kai 47.6 cikin ɗari, a na biyu 44.2, a na uku kuwa 27.4.

Masu goyon baya da masu suka duk suna kafa hujja da waɗannan alƙaluma, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa. Allurar gaske ta kusan ninka maganin da aka saba, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara yana juyi a kan shimfiɗa. Amma tazarar da ke tsakaninta da ta bogi ba ta taka kara ta karya ba, wanda ke nuna cewa ainihin wurin da aka soka bai kai muhimmancin da littattafan dā suka ba shi ba. Wani babban nazari na 2018 da ya tattara bayanan mutum fiye da 20,000 ya sami cewa allurar gaske ta fi ta bogi a kan ciwo mai daɗewa, amma da ɗan rata kaɗan. Shi ya sa hukumomin lafiya ba su yi magana da murya ɗaya ba. A Ingila, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta ƙi amincewa da ita don ciwon baya a 2016, sannan a 2021 ta yarda a gwada ta ga masu ciwo mai daɗewa wanda ba a gano tushensa ba. Jamus tana biyan kuɗinta daga inshorar lafiya don ciwon baya da na gwiwa, Amurka ma ta fara biya wa tsofaffi masu ciwon baya a 2020. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ciwon baya da na gwiwa, da ciwon kai mai yawan dawowa, da tashin zuciya bayan tiyata ko bayan maganin ciwon daji.

Fahimtata ita ce rabin amfanin yana cikin allurar, rabin kuma yana cikin abin da ke kewaye da ita, kuma ban ga aibu a cikin hakan ba. Mutumin da aka saurara rabin awa, aka taɓa wurin da ke masa ciwo, aka kwantar da shi cikin natsuwa, aka ce ya dawo jibi a ga yadda ya kwana, an yi jinyar tsoronsa da gajiyarsa tare da bayansa, kuma ciwo mai daɗewa yana ƙaruwa da rashin barci da damuwa. Wannan shi ne abin da ake nufi idan aka ce jinya ce ta mutum gaba ɗayansa. Likitocinmu ba su rasa sanin haka ba, amma wanda layin mutum tamanin ke jiransa a ƙofa ba shi da rabin awar da zai ba kowa. Likitan kawu ya ƙare da umarnin da babu allura a cikinsa: ya daina ɗaga dilar yadi da kansa, ya riƙa tafiyar ƙafa kullum, ya tashi daga kan benci duk bayan awa ɗaya, ya kuma rage ƙwayoyin nan domin suna iya jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda.

A gadon da ke kusa da na kawu na ga ana yi wa wata dattijuwa ƙaho da kofunan gilashi, sai na tuna da wanzaman garinmu da ƙahon saniya da askarsu. Mu ba baƙi ba ne ga tunanin cewa ana iya magance ciwon da ke cikin jiki ta fata, kuma ina ganin shi ya sa jinyar Sinawa ke saurin shiga zuciyar mutanenmu. Wannan sabo kuwa shi ne ke sa mu sakaci. Duk abin da ya huda fata yana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani zuwa wani idan aka maimaita amfani da shi, kuma allurar da aka zurfafa a ƙirji ko saman baya tana iya huda huhu. A hannun wanda ya yi karatun tsarin jiki irin wannan haɗari ba kasafai yake faruwa ba, amma mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini dole su faɗa tun kafin a fara.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu ke sayar da sunan Sin a garuruwanmu. Wata maƙwabciyarmu mai ciwon suga da hawan jini ta je wani shago inda aka ɗora hannunta a kan na'ura, aka lissafa mata cututtuka barkatai, aka yi mata alkawarin cewa allura da garin magani za su raba ta da ƙwayoyin asibiti har abada. Ta ajiye magungunanta, bayan 'yan makonni aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti, kuma har yau hannunta na hagu bai dawo daidai ba. Allura ba ta maye gurbin maganin suga, ba ta kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ta narkar da ciwon daji. A asibitin da na gani da idona, mai hawan jini da ya zo a yi masa allurar ciwon wuya sai da aka auna jininsa aka tambaye shi ko ya sha maganinsa na safe.

Kawu ya je sau shida cikin kwana goma sha biyu da suka rage mana. Ranar zama na huɗu ya yi sallar Magariba a tsaye, ya yi ruku'u a hankali yana dafe da gwiwa, da ya sallame sai na ga yana share ido da hannun riga. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, bayan wata huɗu ya fara dawowa, musamman da sanyin hunturu, amma bai koma yadda yake dā ba, kuma ƙwayoyin da yake sha kullum sun koma sai ranar da abin ya tsananta. Yanzu yara ne ke sauke masa dila a shago, shi kuma da ƙafa yake zuwa masallacin Juma'a ya dawo. Katin asibitin yana cikin jakar fasfo ɗinsa, ya ce in Allah ya kai mu bayan Babbar Sallah zai koma a ƙara masa zama shida.