Titin da ake rufewa saboda kwaɗi a Bath

Makon jiya na dawo daga Ingila, kuma duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya sha labarin kwaɗi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ɗan ƙanwata na je dubawa, yana karatu a garin Bath. Jami'in da ya duba fasfo ɗina a filin jirgi ko gaisuwata bai amsa ba, idonsa na kan kwamfuta yana jero mini tambayoyi. A wurinmu ko ɗan sanda zai tare ka, sai ya fara da "ina gajiya". Daga tashar Paddington ta Landan jirgin ƙasa ya kai ni Bath cikin kusan awa ɗaya da rabi. Jirgi tsaf, amma kuɗin tikiti in ka juya shi zuwa naira sai ka riƙe baki.

Wata rana da magariba ana yayyafi, yaron ya ce, "Kawu, sa rigar sanyi mu je ka ga abin mamaki." Muka taka zuwa Charlcombe Lane, wani siririn titi a gefen gari. Tun 2003 ake rufe shi kusan mako shida duk shekara, tsakanin Fabrairu da Maris, sai masu gidaje a wurin ke wucewa da mota. Idan sanyi ya fara sassauci aka samu dare mai danshi, kwaɗi sukan fito daga inda suka yi kwantan hunturu, su gangara tafkin da ke cikin kwari su yi ƙwai. Galibi tafkin da aka ƙyanƙyashe su suke komawa, titi kuwa ya ratsa hanyarsu.

Mutanen da muka tarar ba ma'aikata ba ne, ko sisi ba a biyansu. Tsofaffi, ɗalibai, iyaye da 'ya'yansu, kowa da riga mai ƙyalli, tocila da bokiti. Wata dattijuwa ta miƙo mini safar hannu ta nuna mini yadda ake ɗauka. Kwaɗon farko da na haska, cak ya tsaya a tsakiyar kwalta yana kallon hasken, da mota ce shi ke nan. Macen ta fi girma, sau da yawa za ka gan ta tana jan jiki da namiji maƙale a bayanta, haka ake sa su a bokiti tare, ba a raba su. Akwai kuma wata 'yar halitta mai wutsiya, siffar tsaka amma jikinta laushi da danshi, dangin kwaɗo ce. Ita ce mai wuyar gani, sai ka zaci ƙirare ne. Kowanne sai an ƙirga an rubuta kafin a sake shi a ɗaya gefen.

Ƙungiyar Froglife, mai tattara wannan ƙidaya a faɗin ƙasar, ta fitar da bincike a 2016 cewa irin wannan kwaɗon ya ragu da kashi 68 cikin ɗari a shekara 30. Abin ya tsaya mini a rai. Da damina mu nawa ne ke rage gudu in mun ga kwaɗi a titi? Ga shi sun cinye mana ƙwari, ga shi Annabi (SAW) ya hana kashe kwaɗo, mun karanta tun muna yara. Ni a ganina mu ya kamata mu riga kowa irin wannan aiki.

Da muka gama, dattijuwar nan ta zuba mana shayi daga fulas ɗinta, ta haɗa da biskit, ta kuma dage sai da ta kai mu har ƙofar gida a motarta.

Sauran kwanakin na yi su a Bristol da Birmingham. Na samu Juma'a, na ci shinkafa a shagon 'yan Pakistan, na sayi tsaraba da tsada. Jirginmu ya sauka Abuja da asuba.