Na sayi fili a Masaka ranar Lahadi, ban kuma tambayi inda hanya za ta bi ba

Har yau idan na fito ƙofar gida na ga kwalbatin da ya zauna a inda zaurena yake a da, sai na tuna maganar Baffana. Ranar da na kai masa takardar cinikin filin, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ɗana, wannan ai shaidar ka ba da kuɗi ce kawai. Ka ɗauki safiyo ya auna maka, ka je ofishin filaye ka ga taswirar wurin kafin ka aza bulo ɗaya." Na ce masa to, Baffa. Ban je ba.

A 2013 ne. Ina da shagon yadi a Wuse, ina haya a Nyanya, mai gida kuma duk shekara sai ya ƙara kuɗi. Kowa ya san yadda aka yi mutane suka cika wannan yankin. Tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas a Disambar 1991 Abuja take ƙara tsada, rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 kuma ya koro dubban mutane zuwa Mararaba, Ado, One Man Village da Masaka, duk a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Aiki a Abuja, kwana a Nasarawa, hanyar kuma guda ɗaya tak, wadda ta tafi Keffi.

Dillalin ya ɗauke ni ranar Lahadi bayan la'asar. Daga gadar Nyanya zuwa filin ko rabin awa ba mu yi ba. Ya tsaya ya nuna mini wani burji da ya ratsa gaban fulotin, ya ce, "Alhaji, nan kwalta za ta bi. Kai ne a bakin hanya. Ga kuma hanyar Apo zuwa Karshi an ba da kwangilarta tun 2011, da an gama ta cunkoson Nyanya ya zama labari." Hanyar Karshin nan shekara goma bayan ba da ita ba a gama ta ba. Amma ni a ranar ba abin da kunnena ya ɗauka sai "bakin hanya". Na biya, mai unguwa ya buga hatimi, shaidu biyu suka sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Ƙafa hamsin da ɗari. Faɗin wannan kwalta da ake cewa za ta zo, ban tambaya ba.

Cunkoson ba zan tsaya bayyana shi ba, duk wanda ya taɓa bin Mararaba da safe ya sani. Motocin haya suna lodi a tsakiyar titi, 'yan acaɓa suna bin hannun da ba nasu ba, masu talla sun cinye gefen hanya, idan kuma tirela ta mutu a hawan Kugbo to ranar ta tafi. Mun tare a farkon 2014. Wata biyu bayan haka, ranar Litinin 14 ga Afrilu, bam ya tashi a tashar motar Nyanya, mutum sama da 70 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Aka kafa shingen bincike, tafiyar rabin awa ta koma awa uku, wata rana huɗu. Na koma fita ƙarfe huɗu da rabi, in yi sallar asuba a wani masallaci kusa da shataletalen AYA da ke Asokoro, in dawo gida yara sun yi barci. Uwargida ta taɓa ce mini, "Maigida, autanka fa ranar Lahadi kaɗai yake ganinka."

Shi ya sa da aka fara maganar a nemi gwamnati ta zuba kwalta a burjin unguwarmu, ya haɗe da wata hanya ta baya don mu rage bin babban titi, ni ne kan gaba. Ni na riƙe sakataren ƙungiyar unguwa. Ni na rubuta wasiƙun, ni na bi gida gida karɓar sa hannu, na rufe shago sau da yawa don bin ofisoshi. Shekara huɗu muna wannan zirga-zirga. Masu adawa da hanyar a lokacin ina ganinsu a matsayin masu son kai. Akwai wani dattijo Bagwari, ɗan asalin wurin, da ya miƙe a taro ya ce kakanninsa suna kwance a bayan mangwarorin da hanyar za ta ratsa. Na ba shi amsa da cewa ci gaba ba ya jiran kowa. Wannan maganar tana damuna har yanzu, kuma daga baya na taka har gidansa na nemi gafara.

Wata Laraba na dawo da daddare, fitilar mota ta haska katangata, na ga jan fenti. Alama babba, da kibiya, da lamba. Na fito na bi ta da tocila. Ta cinye katangar gaba, zaure, da shagon da na gina wa ƙanena yana sayar da kayan masarufi.

Washegari na je ofishin filaye, zuwan da ya kamata in yi shekara shida kafin nan. Wani ma'aikaci ya shimfiɗa mini taswirar yankin a kan tebur. Hanyar tana nan a zane tun kafin in san akwai wuri mai suna Masaka, da faɗinta, da wurin magudanan ruwa a gefe biyu. Ya ɗora biro a kan fulotina ya ce, "Yallaɓai, kashi ɗaya cikin uku na abin da aka sayar maka hanya ce." Ko minti goma bai ɗauka ba. Minti goma, da kuɗin safiyo da a lokacin bai kai kuɗin ƙofar ƙarfen zauren ba. Na zauna a kan benci a waje, na daɗe ban iya tashi ba.

A nan na koyi abin da doka ta ce, ta hanya mai tsada. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filayen jiha a hannun gwamna, kuma ta ba shi ikon soke mallaka idan za a yi aikin amfanin jama'a, kamar hanya. Diyyar da ake biya ta abin da ka aza a kan filin ce, gini ko bishiyoyi ko amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba. Wannan ma ga wanda ya yi gini a inda yake da iko ne. Ni aka ce mini a kan hanya na yi gini, ba ni da izinin gini, takardar da ke hannuna kuma ta ciniki ce tsakanina da mai sayarwa. Maƙwabcina da ya yi safiyo ya yi rajista tun farko, katangarsa tana ciki sosai, har muna ce masa ya yi asarar fili. Ko ƙwanƙwasa masa ba a yi ba.

Unguwa ta rabu. Waɗanda fenti bai taɓa ba suna cewa a shigo da katafila gobe. Mu da ya taɓa, gida goma sha wani abu, wasu suka ce a tafi kotu, wasu suka ce a karkatar da hanyar ta bi ta gonakin Gwarawa, wato a ɗauke wahalar daga kanmu a ɗora wa wasu. Mutanen da na karɓi sa hannunsu suka daina amsa sallamata, suna cewa ni na jawo. Waɗanda nake tare da su a da kuma suka ce sakatare ya juya baya da abin ya zo kansa. Gaskiya na juya, na sati biyu. Har lauya na gani. Shi ya tambaye ni takardu, ya duba, ya ce in ina son in kashe kuɗi zai karɓa, amma ba ya ganin nasara.

Abu ɗaya da nake alfahari da shi a cikin wannan rikici shi ne zaman da muka yi da injiniyoyin a ƙofar gidan mai unguwa. Na roƙi a ɗan lanƙwasa hanyar don ta kauce wa kaburburan nan, aka duba aka ga zai yiwu. Muka kuma samu wa'adin wata ɗaya mu rushe da hannunmu. Idan abin ya zo kanka, wannan wa'adin ka nema kafin komai, don katafila ba ta bar maka ko ƙusa. Na ɗauko magina, muka cire kwano da katako da ƙofofi, muka tsira da fiye da rabin bulon. Da shi na ja sabuwar katanga. Dillalin kuwa lambarsa ta daina shiga tun ranar da fenti ya bayyana.

An zuba kwalta, kuma ta yi kyau. Watannin farko ina isa babban titi cikin minti biyar. Daga nan direbobi suka gano ta. Motocin da ke guje wa cunkoson babban titi suka fara kwararowa, tifofin yashi suka biyo, aka gina shaguna da gidajen haya gefe da gefe, farashin fuloti ya ninka. Yau ƙarfe shida na safe layin motoci yana kaiwa ƙofar gidana, domin duk inda ka ɓulla a Mararaba za ka haɗu da kowa, daga nan Nyanya, daga nan Kugbo. An faɗaɗa babban titin ma a ɓangaren Abuja, amma gidaje suna ta ƙaruwa har Auta Balefi da Uke, ayyukan kuma suna nan cikin birni. Har yanzu ƙarfe biyar nake fita.

Idan mutum ya ce mini zai sayi fili a wannan yanki, ina ce masa ya je ya kwana a can daren Lahadi, ya fito Litinin da safe ya auna tafiyar da agogonsa. Idan dillali ya ce hanya za ta zo, ya tambaye shi faɗinta, kada kuma ya yarda da amsarsa, ya je ya ga taswira da idonsa, ya tafi da safiyon da shi ya nemo. Hatimin mai unguwa yana hana rigima da maƙwabci, amma bai hana jan fenti hawa katangata ba.

Watan jiya ƙanena ya ce ya samu fili a Uke, kuma an ce masa bakin hanya ne. Na hana shi ba da ko kafin alƙalami. Ranar Talata na rufe shago, na ɗauke shi a mota muka tafi ofishin filaye tare.