Awon jini na je yi, na ƙare a bakin tagar aji

Asabar ɗin da ta wuce wasu ma'aikatan lafiya suka kafa rumfa a filin firamaren unguwarmu, duba lafiya kyauta. Ni dai ciwon kai ne ya kai ni, kwana biyu yana sara min, kuma kun san halinmu, in ba ciwo ya kwantar da mutum ba asibiti sai dai zuwa dubiya. Aka naɗa min abin nan a dantse, 150 bisa 95. Sistar ta ce Hajiya daga 140 bisa 90 an fara maganar hawan jini, ki rage gishiri da dunƙule, ki je asibiti a sake aunawa don awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Suga kam lafiya lau, alhamdulillahi.

Ina layi sai na nemi 'yata na rasa, shekararta 13. Ashe an ware aji guda na 'yan mata, wani can nesa na samari, ita har ta shige cikin ƙawayenta. Na lallaɓa na tsaya bakin taga, wallahi da niyyar in na ji abin da bai min ba in janyo abata.

Wata nas ce dattijuwa da hijabinta har ƙasa, tana musu bayanin al'ada, yadda ake tsafta da canza auduga ko ƙunzugu, da cewa in yarinya ta ga ƙaiƙayi ko ruwa mai wari ta faɗa wa uwarta a je asibiti, ba a ruga kemis a ce a ba da maganin sanyi ba. Ta ce jikinki naki ne, babu mai ikon taɓa ki, ko ɗan uwa ne ko malami, in an yi ki faɗa ko an ce za a kashe ki. Sai ta raba takardu ta ce kowa ta rubuta tambaya ba suna. Ta farko da aka karanta: wai da gaske ne in namiji ya riƙe hannunki kin yi ciki? Ajin ya kwashe da dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi, don kalmar da aka faɗa min ke nan ranar da na fara, kuma ita na tanadar wa tawa 'yar.

Wata maƙwabciyata a gefena ta ce Maman yara waɗannan buɗe musu ido za su yi. Na gane tsoronta, ni ma ba zan yarda namiji ya zaunar da 'yata kan wannan magana ba, kuma ya kamata a sanar da iyaye tukuna. Amma dan Allah wane ido ne a rufe? Mai maganin gargajiya zai faka mota a tasha ya saki lasifika yana zuba batsa da rana tsaka, yara na wucewa da talla, ga waya a hannun kowa, ba wanda ya ce uffan. Kuma haila da janaba da wanka ai a Ahalari muka karanta su a islamiyya, malam na fassarawa muna sunkuyar da kai. Addini bai ɓoye ba, mu ne kunya ta ɗaure wa baki.

Nas ɗin ta taɓo rigakafin HPV mai kare sankarar bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara a Oktoban 2023, allura ɗaya kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, wanda da yawanmu muka hana saboda jita-jitar wai hana haihuwa ne. Ta kuma yi maganar sikila, AS in ya auri AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma tun 2024 doka ce a Kano sai an yi gwajin jinotayif, wato a gano ko mutum AS ne ko SS ko waninsu, kafin ɗaurin aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta. Ta ce gara ki san naki tun kafin soyayya ta yi nisa, ba sai an kawo lefe a zo ana koke-koke ba.

A hanyar gida yarinyar ta ce Umma ni meye jinotayif ɗina? Na yi shiru, don ban sani ba, nawa ma sai da na yi tunani. Litinin in Allah ya kai mu za mu je tare, a sake auna jinina a ɗebi nata.