Tarkacen da na raina ranar da na sayi bindigar ɗuri

Duk kuɗina a kan bindigar suka ƙare. A zatona in na samu albarushi da harsashi, magana ta ƙare. Ashe ƙananan kayan da na tsallake su ne rabin aikin, kuma ɗaya bayan ɗaya suka rama.

Harsashi ne ya fara ba ni kunya. Faɗin bakin bindigata .50 na inci ne, sai na sayo dunƙulen darma .50 cif. Ya ƙi shiga. Irin wannan bindiga .490 take ci, don a bar wa ƙyalle wuri. Ƙyallen na auduga zalla ne, kaurinsa kamar .015 na inci, a shafa masa maiƙo a luƙuƙa harsashin a ciki, shi ne zai kama tsagin da ke murɗe a cikin bututun. Kada ka yanko daga yadin roba, narkewa yake yi. Ka nemi kuma guntuwar sanda mai mulmulallen kai ta fara tura harsashi, kafin doguwar sandar ɗuri ta karɓa. Ni da tafin hannu na yi ta fama har ya kumbura.

Albarushi kuwa ba abin wasa ba ne. Baƙin albarushi kawai, ko wanda aka yi musamman a madadinsa. Hodar harsasan zamani marar hayaƙi tana iya tarwatsa bututun a fuskarka. Albarushi yana da lambar girman ƙwaya: mai lamba FFg na bindiga mai baki .50 ne zuwa sama, FFFg mai ƙananan ƙwaya na masu ƙaramin baki. Sai ma'auni, ka fara da awo 50 na giren, wato ɗan ƙaramin awon da ake auna albarushi da shi. Da can kai tsaye nake tsiyayawa daga gora zuwa bakin bindiga, sai da wani dattijo ya riƙe min hannu, ya nuna min cewa in da sauran tartsatsi a ciki, gorar ce gaba ɗaya za ta tashi. Jikina ya yi sanyi. Daga gora zuwa ma'auni, ka rufe gorar, sannan ka zuba.

Wata rana hira ta ɗauke min hankali, na danna harsashi babu albarushi a ƙarƙashinsa. 'Yan hulunan tagulla masu kunna albarushi uku na fasa, shiru. Akwai wani ɗan ƙarfe mai murɗaɗɗen tsini da ake ɗaurawa a kan sanda a huda darmar a zaro ta. Ba ni da shi. Haka na koma gida da bindiga a toshe. Tun ranar na yi wa sandata zane a daidai inda take tsayawa in ɗuri ya cika, domin harsashin da bai zauna daram a kan albarushi ba yana iya kumbura bututu. In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka leƙa. Bar bakinta a saitin da yake, ka jira aƙalla minti 1.

Tabarau na kariya da abin toshe kunne, waɗannan ba sai na ja zance ba. Haɗa da tsinken share kafar wuta, wato ramin da wuta take bi ta kai ga albarushi.

Na ƙarshe shi ya fi ci min rai. Na dawo a gajiye, na jingine ta ban wanke ba. Tokar baƙin albarushi tana jan laima. Bayan kwana biyu na zura farin ƙyalle, ya fito ja wur da tsatsa. Ruwan zafi, ɗan sabulu, tsummoki da mai ne kawai take buƙata, a ranar da aka yi harbin. Har yau in na haska bututun nan ina ganin tabon.