Askin yara da baki ake yinsa

Shagona na aski yana Tawa, kusa da babbar kasuwa, kujera uku da yara biyu masu koyo. Duk yaron da aka kawo mini koyo, ɗokinsa ya riƙe inji. Ni kuwa sai ya yi wata guda yana shara da wanke tawul, yana sauraren abin da nake faɗa wa ƙananan yara in sun hau kujera, don rabin aikin nan da baki ake yinsa.

Ɗan shekara biyu ko uku yana tsoron ƙarar inji a bayan kunnensa, da ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya, da baƙon hannu bisa kansa. In ya fizge kai lokacin gyaran goshi, reza ba ta san yaro ba. Dole a ɗauke masa hankali, kuma hanyoyin ba ɗaya ba ne.

Rarrashi shi ne "yi shiru, yi haƙuri, an kusa". Wannan na uwa ne, a bakin baƙo sai ya ƙara kuka. Akwai kuma "kai, ga tsuntsu can!" alhali babu tsuntsu. Sau ɗaya yake ci. Yaro ya waiwaya bai ga kome ba, daga nan ya daina yarda da kai har a gama askin. Wanda na fi ƙi shi ne tsoratarwa: "in ka motsa a yi maka allura", ko "dodo na bayan ƙofa". Na sha ce wa iyaye mata, Hajiya, don Allah kar ki haɗa shi da allura, gobe likita za ki kai shi, ke za ki sha wahala.

Abin da ke aiki shi ne tambayar da sai yaro ya yi tunani kafin ya amsa. "Maigida ƙarami, ragon gidanku fari ne ko mai baƙin kai?" "Ƙirga mini kabu-kabu nawa suka wuce." Hankali ke gani, ido gululu ne, kuma haka kunne yake: in hankali ya tafi wurin rago, ƙarar inji ta ɓace. Tambayar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce ta kokowa. Nan Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda zakara ke cin takobi, a 1975, kuma har yau da wuya ka sami ɗan Adar da bai san sunan ɗan kokowa Issaka Issaka na Dosso ba. Sai in ce, "Kai da Issaka, wa zai kada wani?" Kafin ya gama nuna mini damtsensa na gama gefe guda.

Manya ma ana shagaltar da su, sai dai a nan sunansa shashantar da zance. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, benci cike yake, kuma musun siyasa ko na bashi ba ya daɗewa bai yi zafi ba. Mutum na tada jijiyar wuya a ƙarƙashin reza, haɗari ne. Ba na cewa kowa ya yi shiru, ba girmana ba ne. Nakan juya ga dattijon da ya fi kusa in ce, "Baba Alhaji, yaya buhun albasa a Galmi bana?" Nan take akalar zance ta karkata, don kowa na da ta cewa a kan albasa.

Jajibirin Sallar da ta wuce mun aske yara har bayan lisha, dala hamsin kowane kai. Ƙaramin yarona mai koyo ya karɓi wani mai ihu da ko ubansa ya kasa riƙewa. Na ji ya duƙa ya ce masa, "Wa ya saya maka takalmin nan mai wuta?" Yaron ya tsaya ya dubi ƙafarsa, ya fara bayani. Washegarin Salla na ba mai koyon nan kujera ta uku.