Wayar da na miƙa wa ɗana da aljihuna a cikinta

Ƙannena masu ƙananan yara, musamman ku da ke zaune nan Jidda da Makka da Madina, ku zo in ba ku labarin ɓarnar da na yi da hannuna, sannan na ɗora wa yaro ɗan shekara takwas laifinta.

A wani shagon jallabiyoyi da abayoyi nake aiki a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda. Wanda ya san kasuwar ya san yadda take daga azumi zuwa bayan Hajji: ka fita da hantsi, ba za ka ga gida ba sai tsakar dare. Cikin wannan hada-hadar na sayi sabuwar waya, tsohuwar kuma na miƙa wa ɗana na fari don ya bar uwarsa ta huta da rigima. Ban goge komai ba. Asusuna na nan a kai, katina na banki ma na ajiye a ciki. Wata Juma'a ina kwance ya zo sau uku yana cewa, "Baba, tana neman lambar sirri." A na ukun na karɓa, na shiga saiti, na kashe tambayar gaba ɗaya don in samu barci. Minti ɗaya bai cika ba na gama.

Ban farga ba sai da lokacin sabunta igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya zo. Kun san kuɗin iyali, riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka. Na daɗe ina tarawa. Na zo biya, aka ce kuɗi ba su isa ba. Da na buɗe bayanan asusun sai ga layi a jere: 19, 37, 37, 75, 190, wani lokaci sau huɗu a yini guda. Cikin mako bakwai riyal 2,300 da ɗoriya sun tafi, kusan kuɗin wata shida na yaro ɗaya. Saƙon banki kuwa duk ya shigo wayata. Ni ne ban karanta ba, ina ta awon tsayin jallabiya.

A daren na tashe shi daga barci. Na ɗaga murya har ƙannensa suka farka, na kira shi ɓarawo. Yana tsaye jikin bango, hannu ɗaya riƙe da wandonsa, ido duk barci, ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa kuɗinka ba. Lu'ulu'u kawai na danna." Uwarsa ta bari sai da na yi shiru, sannan ta ce a hankali, "Maigida, wa ya ba shi wayar? Wa ya cire makullin?" Ban da amsa. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na yaro.

Kashegari na zaunar da shi na ce ya nuna min wasan da yake yi a wayar, a nan na gane gaskiya ya faɗa. Babu inda riyal ke fitowa ɓaro-ɓaro sai a ɗan ƙaramin rubutu. Kuɗinka ake fara mayarwa lu'ulu'u, sannan da lu'ulu'un ake sayen riga ko bindiga a cikin wasan, ta yadda ko babba sai ya ɗauki biro kafin ya san nawa abu ya tsaya masa. Rigar da yake so ta ɗara abin da ke cikin ƙaramin ƙunshin lu'ulu'u da kaɗan, dole ya sayi babba, ragowar kuma ba ta isa komai ba sai an ƙaro. Ga agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin tayin ya wuce. Ga akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba, wanda tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce wasu irinsa caca ne. A makaranta kuma, in ji shi, wanda bai canja kaya a wasan ba dariya ake masa. Manya masu ilimi ne suka zauna suka tsara duk wannan, ni kuma na tura musu ɗan shekara takwas shi kaɗai.

Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma ba na wanke kamfanoni. A Janairun 2014 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, domin da zarar uba ya sa lambar sirri sau ɗaya ƙofa na zama a buɗe har minti 15 ba tare da an gaya masa ba. A Satumban shekarar Google ya amince da aƙalla dala miliyan 19. A Disamban 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince da dala miliyan 245 na mayarwa ga waɗanda tsarin maɓallansa ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba, wato sama da riyal miliyan 900. Amma ku lura, duk wannan a Amurka aka yi, bayan shekaru ana fafatawa. Ranar da igamarka za ta ƙare ba wata hukuma da za ta zo ta cika maka. Ni kuma ba dabarar kowa ce ta buɗe ƙofata ba, da yatsana na buɗe ta.

Limaminmu ne ya ƙarasa min. Da na kai masa kuka sai ya karanto aya ta 5 a Suratun Nisa'i, inda Allah Ya hana a danƙa dukiya ga waɗanda ba su san tattalinta ba. Ya ce, "Malam, kai aka yi wa hanin, ba yaron ba. Shi an ɗauke masa alƙalami har ya balaga." Wannan magana ta zauna min a ƙirji fiye da kuɗin.

To ga abin da nake roƙonku. Kafin waya ta shiga hannun yaro, ku cire katinku daga cikinta, ku buɗe masa asusunsa na yara da shekarunsa na gaskiya. Masu Android akwai Family Link, manhajar da iyaye ke kula da wayar yaro da ita, masu iPhone akwai tsarin iyali da ke aiko wa uba ko uwa neman izini kafin a sayi komai, a cikin saitin iPhone ɗin mai suna Screen Time ma ana iya rufe sayayyar cikin wasa ɗungurungum. Ku sa a nemi tabbaci a kowace sayayya, kada ku bar zanen yatsan yaro a wayarku. Ku duba layin waya ma, domin a nan Saudiyya ana iya cire kuɗin daga kuɗin kira ko a ɗora a takardar wata, ko da babu kati. Saƙon banki kuwa, komai ƙanƙantarsa, a karanta.

In har ta riga ta faru, ku hanzarta. Google Play, shagon manhajojin Android, ya fi sauraron neman mayar da kuɗi cikin awa 48 na farko, Apple kuma yana da shafin kai ƙorafi. Ni na nema, na baya-bayan nan suka dawo, tsofaffin suka tafi. Wani abokin aikina ya ce in gaya wa banki sace katin aka yi. Na kwana ina juya maganar, don ina cikin matsi, amma ban yi ba. Ba zan kira ɗana ɓarawo da dare, gari ya waye in je in yi wa banki ƙarya ba. Rancen Yaya na ci na biya igamar.

Abin da ya fi min wuya shi ne neman afuwarsa. Ba mu saba uba ya ba ɗa haƙuri ba, balle ɗan fari da ko sunansa ba na kira. Bayan sallar asuba muna dawowa daga masallaci na ce masa, "Kalmar da na faɗa maka ba taka ba ce, ka yafe min." Bai ce komai ba, ya dai kama hannuna har ƙofar gida.

Yanzu a farkon wata nakan ba shi riyal 20 a hannu, takarda, ya ji ta da yatsunsa. In ya so, mu je shago tare ya sayi katin cajin wasan, in ya ƙare shi ke nan sai wani watan. Watan jiya ya tsaya gaban mai shagon yana jujjuya takardar, ya daɗe, sannan ya mayar da ita aljihu ya ce ƙwallo yake tarawa.